Ƙarfe a Cikin Haulatu

Har gobe in ka shiga Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, ka kira sunan Alhaji Babandi, za ka ji an ce, "Allah sarki, mutumin da ya yafe wa likita." Masu wa'azi ma da shi suke kafa misali. Ni kuwa duk sanda na ji wannan yabo sai raina ya ɓaci, domin cikin da likita ya manta ƙarfe a ciki ba na Alhaji ba ne. Cikin yayata ne, Haulatu, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda take auren ƙaninsa Hashim.

Sunana Zaharadeen, a gida Dini ake ce mini. A nan Ibadan aka haife mu, iyayenmu sun rasu, ni kaɗai ne namijin da ya rage mata. A lokacin ina yankan tikiti a tashar Ojoo, ɓangaren motocin Arewa.

Shekarar da aka soke zaɓe naƙuda ta zo wa Haulatu da gardama. Asibitocin gwamnati suna yajin aiki, aka kai ta wani asibitin kuɗi da ke bayan unguwa, aka yi mata tiyata aka ciro ɗa namiji, aka sa masa Rabe. Aka yi suna, aka yi arba'in, amma mai jego ba ta miƙe ba.

Alhaji Babandi maigida ne irin na Sabo. Fataken goro daga Arewa a gidansa suke sauka, ya ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya tsaya musu a ciniki. Hashim dillali ne a ƙarƙashinsa, a gidan yake zaune. Tuwon baƙin nan kuwa, tun da aka kawo Haulatu gidan ita ke tuƙa shi, ban da alkaki da dubulan da take yi na sayarwa. Mace ce da ba ta iya zama ba. Sai ga shi in za ta ɗauki muciya sai ta dafe mara ta cije leɓe, gumi yana tsiyaya.

Hajiya Azumi, matar Alhaji, ta ce rashin wankan jego ne. "Duk macen da aka yanka ba ta samu ruwan zafi ba, ai ɗanyen jiki gare ta. Sai dai kuma yaran yanzu da raki." Aka dinga ɗura mata kunun kanwa, ana gasa mata ciki da tawul, tana ihu a cikin matashi don kada baƙi su ji.

Da ƙyar na samu Hashim ya nemo izinin wansa, na ɗauke ta a tasi zuwa wajen masu ɗaukar hoton ciki. Mai hoton ya ɗaga baƙar ledar ya kara ta da taga, sannan ya kira abokin aikinsa da Yarabanci ya ce ya zo ya ga wani abu. Ba sai an yi maka bayani ba. Ga shi nan kwance a ƙasan cibiya, fari fat, da kunnuwa biyu kamar almakashin tela. Suka ce irin ƙarfen da ake danne jijiya ne in ana aiki, kuma in ba a sake buɗe ta an cire shi da wuri ba, zai huda hanji.

Haulatu ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce, "Dini, ashe ba raki nake yi ba."

Daga nan asibitin da aka yi mata tiyatar na wuce. Na ajiye wa likitan hoton a kan teburinsa, na zazzage masa duk zagin da na iya da Yarabanci da Turanci, na ce mu haɗu a kotu. Dattijo ne mai furfura. Bai musa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ba a rufa mako ba sai ga shi a ƙofar gidan Alhaji da dattawan danginsa, sun sha agbada, babbar rigar Yarabawa.

Zaure ya cika, har fatake sun bar cinikinsu sun zo kallo. Liman yana nan, dattawan layinmu suna nan. Alhaji yana jin Yarabanci sarai, amma ba ya yin sa a bainar jama'a, don haka ni aka kira tafinta. Likitan ya cire hula, ya miƙe a ƙasa rub da ciki yadda suke yi in za su ba da haƙuri, yana cewa, "E jo, e ma binu." Ya ce kuskure ne daga hannunsa, ba zai ɗora wa kowa ba. Ya ce ya riga ya yi magana da wani asibitin mishan a wajen gari, shi zai biya kuɗin aikin da magani da gado. Bayan haka duk diyyar da dattawa suka yanke zai biya, a dai bar maganar kotu.

Ina fassarawa ina jin zuciyata tana sanyi. Na ce a raina shi ke nan, Yaya ta tashi.

Alhaji ya ɗauki lokaci yana jan carbi. Ya dubi fataken da suka cika ƙofa, ya gyara zaman rawaninsa, ya ce, "Gaya masa ya tashi. Gaya masa mu Musulmi ne, mun yarda da ƙaddara. Tun kakanninmu muke zaune a garin nan, ba a taɓa jin Bahaushen Sabo ya sayar da ciwon iyalinsa ba. Ga gari ba lafiya, jiya-jiyan nan mutane suka gama ɗaure kaya suna gudu Arewa, to ba daga gidana wata fitina za ta tashi ba. Mun yafe, duniya da lahira. Ko sisinsa ba ma so. Maganar aiki kuwa, Allah ya rufa mini asiri, ciwon yarinyar nan a wuyana yake."

Zaure ya ɗauki kabbara. Wani farke daga Sakkwato har da share hawaye.

Na ce, "Alhaji, a yi mini aikin gafara. Da an leƙa ciki an tambayi mai ciwon."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Hashim, matarka ce. Me ka ce?"

Hashim yana kallon yatsun ƙafarsa ya ce, "Abin da Yaya ya ce shi ne."

"To ka ji. Kai kuma tafinta aka kira ka, ba alƙali ba."

Ban fassara ba, amma ba ta hana komai ba. Ɗaya daga cikin dattawan likitan tsohon ɗan goro ne, Hausa a bakinsa kamar Bakano, ya riga ya raɗa masa. Likitan ya sake roƙo a bar shi ya biya ko kuɗin aikin kaɗai, Alhaji ya ɗaga hannu. Liman ya shafa fatiha, aka raka baƙi har bakin mota.

Na shiga ciki na sami Haulatu a kan tabarma tana ba Rabe nono, ta jingina da bango. Ta ji kabbarar, ta ɗauka alheri ne. Da na gaya mata yadda aka yi, sai ta ce, "To ba komai, tunda Alhaji ya ɗauka. Yaushe ya ce za a cire?" Ta ma aika babbar 'yarta Madina ta je ta yi wa Alhaji godiya.

Yaushe za a cire. Wannan tambaya ita na yi ta ɗauka zuwa zauren Alhaji har takalmina ya suɗe. Farko ya ce a bari tirelar goron da ya loda ta isa Kano. Tirela ta maƙale a layin mai, goro ya lalace, ya ce ai ka ga ikon Allah. Da wata tirelar ta isa lafiya ya ce azumi ya kawo jiki, ba a yanka mutum a watan azumi ya hana kowa ibada. Bayan Sallah ya ce ya ji labarin asibitin mishan ɗin nan, mutum biyu da ya sani sun shiga ba su fito ba, shi yana binciken wani mai kyau. Akwai ranar da ya ce mini, "Zaharadeen, kai ka fi Allah sanin ranar da za ta warke ne?"

Ba wai babu ba ne, kada wani ya ce maka babu ne. Labarin yafiyar ya bi motocin goro har Arewa, fataken da ba su taɓa sauka a wurinsa ba suka fara tambayar gidan mutumin nan mai tsoron Allah. Sai da ya kama hayar gidan maƙwabta don baƙi. Ya sake fentin masallacin layinmu, ya sa fanka. Abin da ake gani shi Alhaji yake kashe wa kuɗi, cikin Haulatu kuwa a bayan zane yake.

Ita kuma tana ta ƙarewa. Zazzaɓi ya zama abokin zamanta, ya sake ta da safe ya kama ta da azahar. Ta daina tuƙa tuwo, aka ɗauko wata mata daga waje ana biyan ta, Hajiya Azumi tana mita wai ga mai aiki a gida ana biyan bare. Nono ya ƙafe, aka koma ba Rabe koko yana ta gudawa. Daga baya ɗinkin ya buɗe ta gefe ɗaya, ruwa mai wari ya fara fita. Madina da ba ta fi shekara tara ba ta bar makaranta, ita ke wanke tsummokaran uwarta.

Da warin ya yi yawa, Hajiya ta ce ɗakin Haulatu yana kusa da inda ake zuba abincin baƙi, ba daɗi. Aka mayar da ita ɗakin baya inda ake jibge tsofaffin kwandunan goro, taga ɗaya ce, ita ma ƙarama. Aka kawo wani malami ya yi rubutu, ya yi hayaƙi, ya ce da yardar Allah ƙarfen zai narke ya bi fitsari. Wallahi a gabana ya faɗa, manya da gemu suna cewa amin.

Na tare Hashim a bakin rumfar mai shayi na ce, "Kai wane irin miji ne? Matarka tana ruɓewa da rai kana nan kana kaɗa shayi."

Ya ce, "Dini, ka yi mini adalci. Ni me nake da shi? Ɗakin da nake kwana nasa ne, rigar da ke wuyana a cinikinsa na same ta. Shi ya yi mini auren ma. In na ɗaga masa murya yau, gobe ina zan kai yaran?"

"Ka kai su inda za ka kai uwarsu."

Ya ce in ji tsoron Allah, shi ma ba ya barci. Na yarda ba ya barci, amma rashin barcinsa bai cire wa kowa ƙarfe ba.

Na sayar da babur ɗina. Kuɗin ya tafi a allurai da magungunan kashe zafi, bai kai ko rabin abin da asibiti ke nema kafin su taɓa mutum ba, ga shi tasha ba aiki saboda wahalar mai. Na je wurin Liman na roƙe shi ya yi sanarwa bayan sallah a taimaka, yadda ake yi wa kowa. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ina tausayin 'yar'uwarka. Amma Alhaji ya ce a wuyansa take, a gaban jama'a. In na miƙa faranti da sunanta, na ce wa duniya ya kasa ke nan. Ka ƙara haƙuri." Duk wanda na tunkara a Sabo, har 'yan'uwanmu Hausawa da ke kasuwar Shasha, amsar ke nan. Alƙawarin Alhaji bai biya ko kwabo ba, amma ya toshe duk wata ƙofa.

Na haɗiye girman kaina na koma wurin likitan. Ya rufe ƙofar ofis ya saurare ni, ya tambayi kalar ruwan da ke fita, ya dafe kai. Ya ce har yanzu yana kan bakansa, zai biya aikin. Amma ya ce ba zai ɗauki matar aure daga Sabo ba tare da yardar gidanta ba, ga yadda gari yake, in ta mutu a kan tebur sai a ƙone masa asibiti. "Make una Alhaji send person, just one word," in ji shi. Kalma ɗaya kawai, a aiko a ce an yarda.

Da gudu na koma Sabo. Na sami Alhaji shi kaɗai a zaure, na durƙusa har ƙasa, ni da ban taɓa durƙusa masa ba. Na ce ba wanda zai ji, ba sai ya fitar da sisi ba, ya aika ko da Hashim ne.

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Wa ya aike ka? Ni in yafe a gaban Liman da fatake, sannan in zagaya ta baya in ce na fasa? Gobe a ji a Shasha Babandi ya lashe amansa, ya miƙa wa Bayarabe hannu? Maganar maigida ita ce jarinsa, yaro. In aka daina yarda da bakina wa zai ba ni ajiyar kayansa?" Ya ce daga ranar kada in ƙara taka masa zaure, in zan ga 'yar'uwata in bi ta ƙofar baya.

Akwai wata lauya, tare muka yi sakandare. Da na ba ta labari ta riƙe baki. Ta ce a doka ba wanda ya isa ya yafe haƙƙin Haulatu sai Haulatu, ba miji ba, balle wan miji. Ta ce in mai ciwon ta yarda, ita za ta tsaya mata kyauta, ta sa a ɗauke ta zuwa asibiti, ta nemi diyyarta, kuma tana da tabbacin likitan ba zai bari a kai ga zaman kotu ba. Abin da ake buƙata kawai Haulatu ta ce e da bakinta, ta dangwala hannu.

Na shiga ɗakin bayan da rana tsaka. Ta rame har zoben hannunta ta ɗaure shi da zare. Na yi mata bayani a hankali, na ga idonta ya ɗan yi haske. Ta ce, "Wato ni ce zan ce?" Na ce ke ce. Ta ce in ba ta zuwa gobe.

Kashegari na tarar da Hashim tsaye a bakin ƙofar. Madina ta ji mu, ta faɗa wa ubanta da murna wai za a kai Umma asibiti, shi kuma ya kai wa wansa. Hashim bai iya haɗa ido da Haulatu ba, bango ya gaya wa saƙon. Ya ce Alhaji ya ce in ta sa hannu a maganar lauya, to a bakin aurenta, ta fita ita kaɗai, 'ya'ya na gidan nan ne. Yana gama faɗa ya fita da sauri.

Na ce, "Yaya, ki rabu da su. Ɗakina yana nan, matata za ta yi jinyarki. Ki rayu tukuna, maganar yara ma yi ta daga baya."

Ta girgiza kai. "Ka san ba za su ba ni su ba."

"In kin mutu fa, wa zai ba ki su?"

Ta ce, "In na mutu a ɗakina, marayu ne, ko ba komai za a ji tausayinsu. In na fita na tona wa gidan nan asiri, 'ya'yan wadda ta kunyata Alhaji ne har su tsufa. Madina mace ce, Dini, a Sabo za ta yi aure." Ta juya fuska bango. Na zauna na yi kuka kamar ƙaramin yaro, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Ana haka aikin Hajji ya matso, sai muka ji Alhaji zai koma Makka, karo na uku, har ya biya wa Liman kujera. Ka san al'adar mai tafiya Hajji, sai ya bi gida-gida da ɗaki-ɗaki yana neman gafara, don ya tafi ba haƙƙin kowa a kansa. Alhaji ya zaga unguwa, kowa yana cewa ai ba ka yi mana komai ba sai alheri. Ranar da ya zo kan mutanen gidansa ina ɗakin Haulatu, na kawo mata lemo tana tsotsa.

Tun da aka mayar da ita ɗakin nan bai taɓa leƙowa ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci, ƙamshin turarensa yana faɗa da warin ɗakin, Hashim da Hajiya Azumi suna bayansa. Ya ce, "Haulatu, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne. To ni zan je ɗakin Allah, zan sa ki a addu'a, in na dawo kuma sai a duba maganar aikin nan. Zaman tare sai da saɓani, abin da na yi miki wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Ya riga ya fara juyawa, don ya san amsar da ake bayarwa.

Ta ce, "Alhaji, ka taɓa ganin ciwon?"

Matar da shekara goma sha ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi wan mijinta ba, sai ta sa hannu ta janye zanen daga cikinta. Hajiya ta yi salati. Alhaji ya kau da kai, amma ya riga ya gani, ni ma ranar na fara gani sosai, ba kuma zan kwatanta maka ba.

Muryarta ba ƙarfi, amma kowa ya ji. Ta ce, "Likita kuskure ya yi, ya kuma zo ya kwanta a ƙasa. Da an tambaye ni, da na karɓi magani na yafe masa sauran. Ba wanda ya tambaye ni. Yau ce rana ta farko da aka tambaye ni wani abu a kan cikin nan, to ban yafe ba, Alhaji. Kai ma baban Madina, ban yafe ba. Ku je ɗakin Allah, ni ma wurinsa za ni."

Alhaji ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya ce wa Hajiya, "Zafin ciwo ne, ba ta cikin hayyacinta. A ƙara mata rubutu." Ya wuce ɗaki na gaba ya ci gaba da neman gafara.

Ba ta ƙara doguwar magana ba. Cikin ya kumbura, ta fara aman wani abu kore, ko ruwa ba ya zama. Ranar wata Laraba da hantsi ta cika, kanta a cinyar matata, Madina tana mata fifita. Saura kwanaki kaɗan jirgin su Alhaji ya tashi.

Abin da ya kashe Haulatu ba ƙarfe kaɗai ba ne, ƙarfe ana cire shi a yini guda. An ɗauki abin da yake nata, ita kaɗai, an yi kyauta da shi a zaure don a ji daɗin kabbara. Wanda ya yi kyautar ko ƙwarzane babu a jikinsa, ya samu suna, ya samu fatake, ita ta biya. Kuma ba ɓarayi ba ne suka yi wannan, mutanen sahun farko ne, masu gaisuwa da fara'a, kowannensu da uzurinsa mai daɗin ji. Ni na san ba gidan Alhaji kaɗai ake yi ba. Mace ta ji ciwo a asibiti ko a mota, maza su taru a waje su ce mun bar wa Allah, ba wanda zai ɗaga labule ya ce da ita ke fa.

Aka fito da makara ƙofar gida bayan azahar. Jama'a ta cika layi saboda Alhaji, har likitan na hango can baya ya sunkuyar da kai. Liman ya yi abin da aka saba kafin sallah, ya ce wanda yake bin ta bashi ya faɗa, wanda ta yi wa laifi ya yafe mata. Alhaji ya matso gaba ya ce, "Bashi babu. Mu kam mun yafe mata duk abin da ta yi mana. Ita ma, alhamdulillahi, ta yafe wa kowa kafin ta cika."

Ban san sanda na buɗe baki ba. Na ce, "Ba haka aka yi ba, Malam. Ina wurin. Ya nemi gafararta ta ce ba ta yafe ba, shi da mijinta. A kan haka ta mutu, ƙarfen kuma yana cikinta, da shi za mu binne ta."

Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya dubi Alhaji, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wani dattijo ya ja mini riga ya ce ba a wannan a gaban gawa. Liman ya yi gyaran murya ya ce a daidaita sahu.

A maƙabarta ni da Hashim muka shiga ramin muka karɓe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Da aka gama turbuɗa ƙasa jama'a suka fara watsewa, kowa yana rige-rigen kama hannun Alhaji ya yi masa gaisuwa, sai Hashim ya biyo ni. Fuskarsa duk hawaye da jar ƙasa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Dini, kai ne jininta, kai kaɗai ka rage. Don girman Allah ka ce ka yafe mini a madadinta, ko na samu in runtsa."

Na tausaya masa, ba zan ɓoye ba. Amma na zare hannuna.

Na ce, "Ba nawa ba ne, Hashim. Mai shi ga ta can, ka kuma ji abin da ta ce."